Gonar Gazawa da tashar jirgin Maraɗi

A kakar 2024, ana cikin haƙar aya, wata gardama ta tashi a wani gida na garin Gazawa. Gardamar a kan gona ce da tashar jirgin ƙasa. Gonar tana arewacin gari inda take tun zamanin kakanni, da gawonta da kalgonta. Tashar kuwa babu mahaluƙin da ya taɓa yankar tikiti a cikinta, don ba a kai ga buɗe ta ba. Duk da haka ita ce ta hana mutanen gidan barci makonni da dama.

Mai gidan dattijo ne, haihuwar 1947. Ya yi lakkol a Tasawa, yana saurayi ya zama akawun sikeli wurin wani alhaji mai sayen gujiya, daga baya ya shiga aikin gwamnati a sashen noma, aka yi ta yawo da shi tsakanin Agye da Gidan Rumji har ya aje aiki ya komo gida. Ɗansa na fari, wanda saboda alkunya bai taɓa kiran sunansa ba, ɗan kasuwa ne a Maraɗi: aya, riɗi, wake, duk abin da ƙauye ya fitar kuma Najeriya take so. Shi ne ya zo wata ranar Lahadi da takarda a aljihu. Wani dillali ya nuna masa fili a bakin garin Maraɗi, ya rantse masa cewa jifa ɗaya ne tsakanin filin da inda tashar jirgi za ta zauna. Kuɗin hannunsa ba su kai ba, don jarinsa ya sha wuya a watannin da iyaka take rufe. Abin da ya rage a taɓa shi ne gonar gado.

"Baba, gonar ga buhu nawa take ba mu a shekara? Filin can, ran da jirgi ya yi kuka a Maraɗi, kuɗinshi sai sun ninka sau goma. In gina sito da shaguna, haya kaɗai ta riƙe gidan ga."

Dattijon bai ce a'a ba, bai kuma ce to ba. Ya ce a ba shi lokaci. Yana da ikon faɗin haka, domin sayar da gona ya daina zama maganar fatar baki: tun da aka kafa dokar karkara a 1993, ciniki mai ƙarfi sai an je gaban mai gari da hukumar filaye an sa hannu da shaidu, kuma hannun da ake bukata nasa ne.

Ya kamata mai karatu ya san cewa yaron ba mafarki yake yi ba. Ranar 9 ga watan Fabrairun 2021 shugaban Najeriya na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Maraɗi, tsawon kilomita 284, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangila. Dogon zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya tsallaka iyaka ya ratsa ƙasar Madarunfa ya ƙare a Maraɗi. Najeriya ce ta ɗauki nauyin kuɗin, har da na ɓangaren da ke cikin Nijar, kuma ba ta ɓoye dalilinta ba: so take kayan da Nijar ke shigowa da su ta Kotonu da Lome su koma bi ta tashoshin ruwan Ikko. An yi alkawarin shekara uku. Shekara ukun sun wuce, an ɗaga, har zuwa 2025 jirgi bai shigo Maraɗi ba, amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ya ga tudun ƙasa da gadoji da motocin aiki. Aiki ne na gaske, kuma mai neman fili kusa da shi ba wawa ba ne.

Abin da ya sa dattijon jan ƙafa shi ne ya san wani abu da ɗansa bai sani ba. Gazawa ta taɓa samun tashar jirgi, ta ci moriyarta shekaru hamsin ko fiye, sai dai tashar a Kano take.

Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe hanyar ga fasinja da kaya a 1912. Turawan Ingila ba su shigar da tashar cikin birni ba. A bayan ganuwa suka kafa ta, a fili, kusa da Fagge, inda ayarin raƙuma ke sauka tun da. Auduga suka zo nema domin masaƙun ƙasarsu, manoman Kano suka duba farashi suka kawo musu abin da Kanawa ke kira gyaɗa. Cikin ƴan shekaru kantunan kamfanoni suka jeru a gefen dogo, Sabon Gari ya tashi domin baƙin kudu da jirgi ya kawo, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka zama manyan masu saye, buhunan da suka rasa tarago aka yi ta tara su har suka zama dalar gyaɗa da ake bugawa a hoto. Tashar da aka aje a bayan gari ta jawo gari ya zo ya kewaye ta. A nan yaron yana da gaskiya, kuma uban bai musa ba: waɗanda suka kama fili kusa da dogo a wancan zamani, jikokinsu ba su yi da-na-sani ba.

A ɓangaren Faransa babu ko taƙi guda na dogo. Da noman gujiya ya kama ƙasar Maraɗi da Tasawa a shekarun 1930, hanyarta zuwa teku ɗaya ce: jaki da raƙumi, daga baya kamiyo, har Kano, sa'an nan tarago har Ikko. Ingilishi sun miƙo rassa biyu wajen arewa, ɗaya ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, ɗaya ya tsaya Nguru a 1930, kamar hannuwa biyu da aka miƙa wa maƙwabci aka janye kafin a gaisa. Gobirawan Tsibiri da Gidan Rumji masu tafiya cin rani ko kora shanu kudu sun san Ƙauran Namoda kamar yadda mutanen Agye da Gazawa suka san Kano. Wannan bai yi wa Faransawa daɗi ba, ganin arzikin ƙasar da suke mulka yana ciyar da jirgin Ingilishi. Wajen 1953 suka ƙirƙiro tsarin da suka raɗa wa suna Hirondelle, watau tsattsewa: kamiyo ya ɗauki gujiya ya yi yamma ya gangara har Paraku, inda dogon Dahome mai kilomita 438 ya tsaya tun 1936, ya komo da kayan kanti, hukuma tana cike gurbin kuɗin mota. Daga Maraɗi zuwa Paraku kusan kilomita 1000 ne, zuwa Kano bai kai 300 ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN domin riƙe wannan doguwar hanya, a 1962 aka kafa SONARA ta karɓi cinikin gujiyar ƙasa. Tun daga lokacin buhun Gazawa ya koyi cewa hanyar da zai bi zuwa teku ba kullum kusanci ne ke zaɓar ta ba, wani lokaci biro ne a Yamai ko a Faris.

Dattijon ya fara ganin tashar Kano a 1965, yana ɗan shekara 18, a saman buhuna a bayan kamiyon maigidansa, da littafin lissafi a cikin riga. Idan yana ba da labarin, ba ya daɗewa a kan dalar gyaɗa ko kan jirgi mai hayaƙi, waɗanda kowa ke tsammanin su ne za su burge ɗan ƙauye. Ofishin kaya ne ya tsaya masa a rai. Ya ga mutum ya zo da buhu biyu kacal, an ɗora a sikeli, akawu ya duba wani littafi ya faɗi kuɗi, ya rubuta takarda da sunan tashar da za a sauke da sunan mai karɓa, mutumin ya juya ya tafi abinsa ba tare da ya bi kayan ba. Babu ciniki, babu ɗan kamasho, babu "nawa za ka ba da". Kuɗin da aka faɗa wa mai buhu biyu a kan kilo an rubuta shi, wanda ya zo bayansa shi za a faɗa masa. Ga akawun sikeli wanda ya san yadda ake danna wa manomi awo a kasuwar ƙauye, wannan abin mamaki ne da ya fi ƙarfe mai tafiya. Ya ga taragon goro ya zo daga kudu, taragon shanu ya nufi kudu, ya ga tagar tikiti da aji uku, da allon da aka rubuta ranakun jirgi, da agogo, da famfo, da mata masu tuwo da fura a bakin ƙofa, da maniyyata aikin haji masu jiran jirgin gabas da tabarminsu.

Bayan shekaru ya shiga jirgin da kansa, aji na uku, daga Kano zuwa Zariya. Jirgin ya makara, kamar yadda ya saba, kuma bencin katako ne. Abin da ya riƙe daga tafiyar shi ne ƙananan tashoshin hanya, Calawa, Madobi, Dangora, inda jirgi ke tsayawa minti kaɗan. Tasha ɗaki ɗaya ce da rumfa da tuta, amma a kowace sai ya ga mata da ƙwaryar nono, da masu rake, da ɗan makaranta da akwatinsa, da ma'aikacin da iyalinsa ke ƙauye shi yana birni, wasu na hawa wasu na sauka. A ganinsa waɗannan ƴan mintoci su ne rabon talaka a cikin jirgi. Babbar tasha ta kamfani ce da gwamnati. Mutumin ƙauye yana cin jirgi ne a inda jirgin ya yarda ya tsaya masa.

Sauran labarin kowa ya san shi. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta bi gujiya a 1975, suka karya noman da ya ɗaure Gazawa da Kano. Kuɗin man fetur suka shimfiɗa kwalta a Najeriya, tireloli suka ƙwace kaya, jirage suka yi ta raguwa, dala ta ɓace. Alhazan Maraɗi suka juya ga atamfa, taba, shinkafa da fiton kaya, duk a kan taya. Manoman Agye da Gazawa suka koma ga wake da aya da riɗi. Ƙauran Namoda, wadda jirgi ya ɗaukaka, ta ga shekarun da ciyawa ke fitowa tsakanin ƙarafan dogo. Dattijon ya ga tasha tana raye, ya kuma ga tana mutuwa, alhali gininta na nan tsaye, fentin sunanta bai goge ba.

Da ɗan ya komo karo na biyu, uban ya tuna masa da Yamai. Ranar 7 ga Afrilun 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa ta farko a tarihin Nijar, a unguwar filin sukuwa, gaban shugaba Mahamadu Isufu da takwarorinsa na Benin da Togo. Kamfanin Bolloré ya shimfiɗa dogo kilomita 143, a Janairun 2016 aka yi bikin isarsa Doso. An yi maganar haɗa shi da Paraku, an yi maganar jirgin da zai riƙa kai ma'aikata daga bakin gari zuwa tsakiyar Yamai. Sai shari'a ta tashi a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou a kan wanda ke da haƙƙin aikin, guntun da ke tsakanin Doso da Paraku ya tsaya, jirgin haya na yau da kullum bai taɓa tashi ba. Akwai gini, akwai dogo, akwai taragu masu fenti, an yanka ƙyalle gaban shugabanni uku. Wanda ya sayar da gonarsa a 2014 domin ya buɗe shago a bakin wannan tasha, wa zai kai ƙara?

Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa a rediyo ba. Dogon Yamai faɗinsa mita 1 ne, irin na Benin. Tsohon dogon Najeriya, wanda ya kai Kano a 1911, milimita 1067 ne. Sabon da ke tahowa Maraɗi milimita 1435 ne. Dogo uku, faɗi uku, taragon ɗaya ba ya hawa na ɗaya. Saboda haka jirgin Maraɗi ba zai amfana da tsohon dogon Kano zuwa Ikko ba. Sai sabon dogo ya haɗu tun daga teku har Kano kafin kwantena ta taso daga Apapa ta sauka Maraɗi ba tare da an sauke ta a hanya ba. An buɗe Abuja zuwa Kaduna a 2016, an buɗe Ikko zuwa Ibadan a 2021, Kaduna zuwa Kano an ƙaddamar da aikinsa a 2021, tsakiyar kuwa da sauran tafiya. Tashar Maraɗi tana iya buɗewa ta tarar iyakar tafiyarta Kano.

Ana cikin haka ƴar dattijon ta zo ganin gida. Malamar makaranta ce, tana aure a Tsibiri, tana koyarwa a Maraɗi, kullum safiya tana kan kabu-kabu ko cikin motar haya, kilomita goma sha wani abu zuwa, haka komowa, da ƙura da hunturu da ruwan sama, kuma kuɗin motar wata yana cin wani yanki na albashi da ba ta son lissafawa. Ita ba ta damu da kwantena ba.

"Yaya, jirgin ga naka zai kai ni lakkol da ƙarfe takwas? In ba zai kai ni ba, mi ya haɗa ni da shi da har za a sayar da gonar Baba?"

Mijinta, ma'aikacin baitulmali, ya taɓa zuwa ƙaro ilimi Dakar, ya komo da labarin jirgin da ake kira TER, wanda aka buɗe a Disambar 2021. Kilomita 36 ne kawai, daga Dakar zuwa Diamniadio, yana tsayawa a unguwannin bayan gari irin su Pikine, Thiaroye da Rufisque, a ranakun aiki jirgi na tashi kusan kowane minti 10, tikiti mafi araha dala ɗari. Mutum na kwana a bayan gari inda haya ke da sauƙi, ya yi aiki a tsakiyar birni, ya san ƙarfe nawa zai isa. Wannan shi ne irin jirgin da malamar ke nufi, kuma shi ne irin wanda ƙasar Maraɗi ta fara bukata ba tare da kowa ya faɗa ba. Tsibiri, Jiratawa da Cadawa sun zama unguwannin Maraɗi a aikace. Malamai, ma'aikatan likita, masu gadi, ƴan tireda, ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, duk safiya suna kwarara cikin gari, duk maraice suna fita. Ma'aikacin da aka tura Gidan Rumji ko Agye yakan bar iyali a Maraɗi ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Waɗannan mutane suna tafiya gabas da yamma ne, a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1. Dogon kuwa daga kudu zai zo, ya tsaya. Ba zai taka ƙasar Agye ba, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Rumji.

Ɗan kasuwan ya ce ai ko Rigasa a bayan garin Kaduna take, kuma ya ga abin da tasha ta yi mata. Gaskiya ne. Tun da aka buɗe hanyar Abuja a Yulin 2016, unguwar da a da ba a zuwa sai da dalili ta samu hanya mai kyau, da masu tasi, da masu abinci, filaye suka yi tsada. Amma jirgin Rigasa na ma'aikata ne da ƴan kasuwa masu jaka a hannu, waɗanda ke gudun hanyar mota saboda masu satar mutane, kuma tun 2021 yawancin tikitinsa ta waya ake saye. Ba a ga mai buhu biyu yana jiran takarda a can ba. Kuma ranar 28 ga Maris 2022 ƴan bindiga suka dasa wa jirgin nakiya, suka kashe mutane suka kwashe wasu, tashar ta zauna rufe har Disambar shekarar. Mutumin da ya yi aiki a Gidan Rumji, ya ga ƴan gudun hijirar Sakkwato da Zamfara suna shigowa tun 2019, ya san dajin da ke tsakanin Jibiya da Madarunfa, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da wannan ke nufi.

Daga nan dattijon ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar taswirar da ya yi aiki da ita, ya shimfiɗa a tabarma. Ya sa yatsa a Gazawa. Zuwa Maraɗi kusan kilomita 100 ne, yamma. Ya gangara da yatsan kudu, ta Ɗankama, ya tsaya Katsina: ta fi Maraɗi kusa. Kuma Katsina tana kan dogon.

"Kai, wannan, duba nan. Ayarka a nan take fita. Kai ta Maraɗi, ka biya mota kilomita ɗari, ka sauke, ka ɗora a tarago, jirgi ya komo da ita Katsina inda da ka kai ta tun jiya. Wane ɗan kasuwa ke yin haka?"

A gaskiya tashar Maraɗi ba za ta zama abu guda ga gundumomin nan uku ba. Ga Tsibiri da Gidan Rumji, mai nisan kimanin kilomita 50, ita ce ƙofa mafi kusa, kuma duk abin da ya fito daga yamma, albasar Galmi da ta Madawa har da dabbobin Dakoro, ta gabansu zai wuce. Ga Cadawa ma haka. Agye tana tsakiya, lissafinta zai dogara ga kuɗin mota da na duwan. Gazawa kuwa, idan jirgi ya zo, tashar da za ta fi yi mata amfani tana ƙasar Katsina, kamar yadda ta kakanninta take a Kano. Sai dai wannan lissafin duka yana rataye ne a kan iyaka, kuma iyakar tana da tarihinta. An rufe ta daga Afrilun 1984 zuwa Maris 1986. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Biyu na farko, mutumin da ya ƙaddamar da dogon ne ya rufe, wanda ke nuna cewa hannun da ke shimfiɗa ƙarfe yana iya sa kwaɗo. Mai kamiyo idan an rufe yakan san hanyar daji, ya biya abin da zai biya ya wuce. Jirgi ba ya bin hanyar daji.

Ɗan bai rasa amsa ba. Ya ce shi ba ayar Gazawa zai tara a siton ba, haya zai ba Alhazan da za su sauke shinkafa da siminti, kuma duk wanda ya jira sai komai ya tabbata, tabbas ɗin zai saya da tsada. Ya ce gonar ma ba ta da tabbas, shekara ɗaya ruwa, shekara ɗaya tsutsa. Uban ya san haka. Amma ya san kuma cewa a ƙasar Agye da Gazawa gona ta ƙare: babu saura, babu daji, gado ana raba shi har ya koma taƙi-taƙi, wanda ya sayar ba ya sake saye. Itatuwan da ke cikin tasa shi ya raine su da hannunsa, tun lokacin da aka fara koya wa manoma sassaben zamani, a bar tsiron gawo da kalgo da sabara su tashi maimakon a sare. Yanzu suna ba da itace da abincin dabbobi, suna tare iska. Akwai ƙananan ƴaƴa a gidan da jikoki waɗanda ba su yi boko mai nisa ba, kuma ba su da sito a ko'ina.

Domin kada a ce ya yanke hukunci daga kan tabarma, ya shiga mota ya tafi Maraɗi wata ranar Litinin, ranar kasuwa. Dillalin ya kai su filin. Fili ne mai kyau, shimfiɗaɗɗe, da turaku huɗu na siminti. Dattijon ya tambayi inda tashar za ta zauna, dillalin ya nuna gabas. Wani mai amalanke da ke wucewa ya nuna kudu. Ya tambaya ko tashar fasinja da ta kaya wuri ɗaya ne, ko ƙofar da tireloli za su shiga ta wannan gefen dogo take ko ta wancan, ko filin yana cikin abin da hukuma za ta karɓa ta biya diyya. Dillalin ya ce duk wannan sai Allah, amma akwai mutum biyu da ke jiran filin da kuɗi a hannu. Wannan maganar ta ƙarshe ita kaɗai ce ta zama gaskiya tabbatacciya a ranar.

A hanyar komowa, bayan sun wuce Cadawa, uban ya faɗi abin da ya yanke. Zai sayar da shanun noma biyu, ya haɗa da abin da ya tara na fansho, ya ba ɗan ya ƙara jari. Gona kuwa zai sa hannu ran da aka kawo masa tikitin Maraɗi zuwa Kano mai kwanan wata, tare da takardar ofishin kaya da ta nuna an karɓi buhu biyu na mutum guda.

"Baba, ran nan ai filin ya fi ƙarfinmu."

"Na sani."

Ba su sake magana ba har Agye. Kafin watan ya ƙare wani ma'aikacin duwan ya saye filin, ya kewaye shi da bulo. Ɗan ya karɓi kuɗin shanun, amma sallar azumin 2025 bai zo gida ba, ya aiko da yadi da sukari ta hannun direba. Malamar tana nan tana hawan kabu-kabu. Da ruwa ya sauka aka shuka gonar, gero da wake a tudu, aya a gefen da ya fi yashi, da shanun aro. Da kaka ta yi, kamiyon ɗan ya zo ya ɗauki ayar tare da ta maƙwabta, dattijon ya tsaya a bakin sikeli ya rubuta buhu-buhu a littafinsa, motar ta fita ta kudancin gari ta kama hanyar Ɗankama.